Da Sunan Ruhaina

Ranar Talata da hantsi hoton ya fara yawo a wayoyin mutanen unguwar Maamobi da ke Accra. Kafin azahar ya tsallaka Nima, ya kai Kawukudi, har yaran motocin haya na tirotiro suna miƙa wa juna waya a bakin tasha.

Hoton wani shafi ne na Kundin Zango. Kundin wiki ne da wasu 'yan sa-kai suka buɗe a intanet don mutanen unguwa su riƙa rubuta tarihinsu da kansu. Kowa na iya shiga ya ƙara ko ya gyara, kuma duk wanda ya taɓa shafi, sunansa na nan a rubuce. Wannan shafin na rumfar mahauta ne. A tsakiyarsa an cusa magana cewa Alhaji Moro, babban mahaucin rumfar, mushe yake sayar wa Musulmi, wai dabbobin da suka mutu a mota kafin su iso Accra su yake feɗewa ya rataye. A ƙasan shafin, inda ake nuna wanda ya yi gyara na ƙarshe, suna ya fito ɓaro-ɓaro: Ruhaina Lauwali.

Ruhaina tana ajin ƙarshe na sakandare. Ita ce ta rubuta shafin tun farko, don kuwa tana cikin ƙungiyar ɗaliban da ke yi wa kundin rubutu duk Asabar. Madam Mas'uda, malamar kwamfuta, ita ta kawo 'yan sa-kan makarantar, ita ce kuma ta ba ɗalibai shawara su yi rajista da sunayensu na gaskiya, don aikin ya zame musu shaida ranar neman jami'a.

Madam ta aiko aka kira ta daga aji. Ta nuna mata kujera, ta juyo mata da fuskar kwamfutar.

Ruhaina ta karanta, ta sake karantawa.

"Madam, wallahi ba ni ba ce."

"Na sani. Lokacin da aka sa shi kina gabana, kuna rubuta gwaji. Ɗaya daga cikin 'yan sa-kai ya gani ya cire nan da nan, amma wani ya riga ya ɗauki hotonsa. Idan kina gida, a wace waya kike shiga kundin?"

Ruhaina ta dubi ƙasa. Ba ta da waya. Babanta ya ce yarinya ba ta riƙe waya a gidansa, in aikin makaranta ya kama ta yi a wayar yayanta Muftahu, a gabansa, don a san abin da take yi. Asusunta na kundin a buɗe yake a wayar kullum.

"Wayar Yaya ce," ta ce a hankali.

Madam ta dube ta. Sannan ta ce ta tafi gida ta bayan makaranta, kada ta bi ta kasuwa.

Gidansu gidan haya ne mai ɗakuna a jere, kullum tsakar gidan cike da mata da yara. Ranar ta tarar da shi fayau, kowa ya shige ɗakinsa ya saki labule. Babanta, Malam Lauwali, ya rufe shagon tayarsa na Kawukudi da rana tsaka ya dawo. Mahaifiyarta Tani, wadda suke kira Mma, tana zaune a bakin gado. Muftahu ya tsuguna a lungun ɗaki, ya cusa kai tsakanin gwiwoyi.

"Rufe ƙofa," in ji Malam Lauwali.

Ta rufe.

"Mun san abin da ya faru. Ɗan'uwanki ya yi wauta. Jamal ɗan Alhaji Moro ya mare shi a majalisarsu a gaban abokai, zuciya ta ɗebe shi. An gama wannan. Yanzu ki saurare ni. Ɗazu yaran rumfa sun zo shagona. Ba su ce min komai ba. A tsallaken titi suka tsaya suna kallona, ko rigar aiki ba su cire ba. In suka ji namiji ne ya yi wannan rubutu, ba wurin 'yan sanda za su kai shi ba. Kin san abin da suke wuni da shi a hannu."

"Baba, to a je a gaya wa Alhaji Moro gaskiya. Ya san ni. Zai hana su."

"Sunan wa ke jiki?"

Ta sunkuyar da kai.

"Naki ne. Ke kika kai sunan gidana intanet. Da kin zauna kamar sauran 'ya'yan mutane, da sunan wa zai yi rubutu? Gobe da safe zan kai ki rumfa, ki durƙusa ki ce ƙuruciya ce. Ke mace ce. Mace in ta durƙusa ta yi kuka, magana ta mutu. Ba mai ɗaga wa yarinya wuƙa."

Ta juya wajen yayanta. "Yaya, ka yi magana mana."

Muftahu bai ɗago ba. "Ni ban san zai fita haka ba," ya ce da ƙasa. "Ban kuma ce ki ɗauka ba."

Sai Mma ta sauko daga gadon. Ta zauna a ƙasa dirshan, ta kama ƙafafun 'yarta da hannu biyu, abin da Ruhaina ba ta taɓa gani ba tun da aka haife ta.

"Shi kaɗai gare ni namiji, Ruhaina. Ki rufa min asiri. 'Yan kwanaki ne, mutane za su manta."

Da faɗan Baba ne kawai, da wataƙila ta jure. Hannun Mma a kan ƙafarta ne ya karya ta.

Da safe Malam Lauwali ya sa ta a gaba zuwa rumfar mahauta. Tun daga nesa ta ga abin ya canja. Wurin da mata kan yi cincirindo da kwanuka, babu kowa sai ƙuda. Nama na rataye tun na jiya, ya fara yin duhu. Da suka shigo, saran da ake yi a kan kututture ya tsaya ɗaya bayan ɗaya, har rumfar ta yi tsit.

Alhaji Moro na zaune a kan bencinsa. A wannan bencin ya sha matsa mata ta zauna watannin baya, yana ba ta labarin yadda mahaifinsa ya koro shanu da ƙafa daga arewa, ita tana rubutawa. Yanzu idanunsa sun yi ja, kamar bai runtsa ba.

Ta durƙusa a kan simintin da ruwan wankin nama ya jiƙe. Danshin ya ratsa siket ɗinta.

"Alhaji, ga ta na kawo," in ji Malam Lauwali da ƙarfi, don na waje su ji. "Sharrin waya ne da ƙuruciya. Ni ban haifi mai ɓata sunan manya ba. Faɗi abin da ya kawo ki."

"Ni na rubuta," ta ce. "Ƙarya ce. A yafe min."

"Ɗaga murya."

Ta maimaita. Kafin ta rufe baki ya sauke mata mari, har ta dafa ƙasa. Wannan ba ya cikin abin da aka shirya a gida. Ta ji wata mata a bakin rumfa tana cewa gara haka.

Alhaji Moro ya daɗe yana kallonta. Sannan ya kawar da kai ya ce ta tashi, ya yafe. Jamal na tsaye a bayansa, yana goga wuƙa a jikin ƙarfen wasi a hankali, bai daina ba har suka fita.

A hanya Malam Lauwali ya saya mata ruwan leda mai sanyi ya ce ta ɗora a kumatu. "Dole ce ta sa," ya ce. "Da ban yi ba, ba za su yarda ba. Kin ga an gama."

Ba a gama ba.

Da la'asar ɗin ranar Madam Mas'uda ta zo gidan. Malam Lauwali bai ba ta kujera ba, a bakin ƙofar ɗaki suka tsaya. Ruhaina na ciki, tana jin komai ta bayan labule.

"Malam, na ji abin da aka yi a rumfa. Ni na san inda yarinyar nan take lokacin da aka yi rubutun."

"Madam, ke karatu kike koya musu. Ni ne zan binne ɗa in abu ya ɓaci."

"Masu kula da kundin sun rufe asusunta, haka dokarsu take ga wanda ya yi ƙazafi. Amma in ta faɗa da bakinta cewa wani ne ya shiga da sunanta, za a buɗe, a rubuta a fili cewa ba ita ba ce. Ba sai an ambaci kowa ba."

Ya yi 'yar dariya marar daɗi. "In ba ita ba ce, wa ke nan? Mutanen Maamobi ba yara ba ne. Kowa ya san wayar da ke gidan nan. Ku da kuka ce yara su sa sunansu a duniya, yau ga shi. Ruhaina, fito ki gaya wa malamarki."

Ta fito. Shatin yatsu na nan a fuskarta. Ta hango Mma a wajen murhu, ta daina fifita wuta, ta zuba mata ido.

"Ni ce, Madam."

"Dube ni ki faɗa."

Ta dube ta. "Ni ce. Don Allah ki bar maganar."

Madam ta gyara jakarta a kafaɗa. Ta ce ƙofarta a buɗe take ko yaushe, ta fita.

Daga nan kwanakin suka fara yin nauyi. Mma na sayar da koko da ƙosai a bakin layi, Ruhaina ce ke zubawa kafin ta tafi makaranta. Wata safiya wani dattijo da ya saba saye ya janye kofinsa, ya ce uwar ta zuba masa, ba ya cin abin da ya fito daga wannan hannun. Washegari wasu suka bi sahunsa. Mma ta ce ta daina fitowa, ta riƙa tsayawa a ciki tana wanke ƙullu.

A famfo mata suka daina matsa mata layi. In ta ajiye bokiti, sai ta dawo ta tarar an ture shi gefe, bakin kwata. Ba mai zaginta a fili. Sai dai in ta wuce a yi shiru, in ta yi nisa wani yaro ya ce "mushe", a fashe da dariya.

A makaranta ƙawayenta na ƙungiyar Asabar suka riƙa kauce mata. Iyaye da dama sun cire 'ya'yansu daga ƙungiyar, sun ce ba sa son abin da ya sami 'yar Lauwali. Waɗanda suka rage suna ganin ita ta jawo. Ranar Asabar ta tsaya a bayan tagar ɗakin kwamfuta tana jin ɗan sa-kai na koya wa yara yadda ake sa hoto a shafi. Abin da ita ta saba koya wa sababbi ke nan. Ta juya ta tafi kafin a gan ta.

Muftahu kuwa ya yi 'yan kwanaki a ɗaki, sannan ya fara fita. Da farko masallaci kawai, daga baya har majalisa. Ba ya haɗa ido da ita. In ta kawo masa abinci sai ya ce ta ajiye, yana danna waya. Wata rana ta ce masa, "Yaya, ko sannu ba za ka ce min ba?"

"Sannun me? Kina so mutanen gida su ji ne?"

Wata Juma'a da sassafe matar ɗakin kusa ta buɗe ƙofar gida ta ja da baya. An zuba jini da tumbi a dokin ƙofa, ƙudaje sun riga sun taru. Masu haya suka fito suna kallo, ba wanda ya tambayi ko na wane ɗaki ne. Malam Lauwali ya leƙo, ya dubi abin, ya ce Ruhaina ta ɗauko tsintsiya da ruwa.

Tana wankewa tana jin mai gidan hayar yana gaya wa babanta cewa shi ba ya son fitina a gidansa.

"Yara ne kawai," in ji Malam Lauwali. "Huce haushi suke yi. In sun gaji za su bari."

Ba su gaji ba. Ranar da abin ya kai maƙura tana dawowa daga makaranta ne, rana ba ta ko faɗi ba. Ta bi ta siririn lungun da ke gefen babbar kwata, inda mutum biyu ba sa iya jerawa. Samari biyu suka fito ta gabanta. Ta juya, ga wani ta baya. Ta gane su, yaran rumfa ne, amma babu Jamal a ciki.

Ba su taɓa jikinta ba. Na gaban ya kama gefen hijabinta, ya zaro wuƙa daga ƙugu, ya sa ta daga ƙasa ya yanko sama a hankali, har tsinin ya tsaya daidai haɓarta. Ta ji sanyin ƙarfen. Tana jin rediyo na magana a wani ɗaki, da ƙarar turmi, da wata mata da ta leƙo ta taga ta mayar da labule.

"Mai rubutu," ya ce. "Ki je ki rubuta wannan ma."

Suka matsa mata ta wuce. Ta isa gida tana riƙe da hijabin da hannu biyu, ta kasa ko kuka.

Mma ta gani ta dafe ƙirji. Malam Lauwali ya karɓi hijabin ya juya shi gaba da baya.

"Sun ji miki ciwo?"

"A'a, Baba."

"To kin gani. Abin da na faɗa ke nan. Da Muftahu ne, ba ƙyalle za su yanka ba. Ki gode wa Allah. Tani, ɗinke mata."

"Baba, ka ce ba mai ɗaga wa yarinya wuƙa."

Ya dube ta kamar ta zage shi. "Ina gaya miki ki gode wa Allah, kina mayar min da magana?"

Mma ta ɗinke hijabin da baƙin zare, don shi ke gare ta. Tana ɗinki tana cewa haƙuri ake yi, Allah na ganin mai biyayya ga iyaye.

Tun daga ranar Ruhaina ta daina cin abinci sosai. In aka buga ƙofa da ƙarfi sai ta zabura. Ta buɗe littafi ta yi ta kallon layi ɗaya. Labarin lungun ya kai makaranta, hedimasta ya kira Malam Lauwali ya ce yarinyar ta ɗan zauna a gida har ƙura ta lafa, don ba ya son a biyo ta cikin makaranta. Jarrabawar fita ta kusa, ya ce, amma tsaro ya fi.

Malam Lauwali ya dawo kamar wanda aka sauke wa kaya.

"Tun da makarantar ma ta ce ki zauna, zaman nan ba shi da amfani. Ganinki ne ke tayar musu da abin. Za ki koma Old Fadama wurin Gwaggonki Zelia, ki taya ta sayar da doya. Can ba wanda ya san ki."

"Jarrabawata fa, Baba?"

"Jarrabawa ba ta ƙarewa a duniya. Rai ake nema yanzu."

"Ran wa?" ta ce.

Mma ta yi saurin toshe mata baki da tafin hannu.

Muftahu ne ya ɗaukar mata jaka zuwa tasha. Da ta shiga tirotiro ya miƙo jakar ta taga, ya tsaya kamar zai yi magana, sai yaron mota ya buga ƙofa, ya ja da baya.

Da Madam Mas'uda ta ji an tafi da ita, ta kasa zama. Ta bar maganar kamar yadda Ruhaina ta roƙa, amma ta ga shirun bai tsare kowa ba. Ta tafi rumfar mahauta bayan la'asar. Kasuwa ta fara dawowa, mata na tsaye ana auna musu nama. Alhaji Moro na wanke hannu a buta. Ya nuna mata benci, ya yi magana da Hausarsa ta Zango, wadda ba ta raba mace da namiji.

"Madam, zauna. Na san abin da ya kawo ka. Yarinya ba shi ya rubuta ba."

Madam ta tsaya da bakinta a buɗe.

"Tun ranar na sani. Yarinya da ya zauna nan yana tambayan sunan babana, yana cewa in sake faɗi don kada ya yi kuskure, ba shi zai rubuta mushe ba. Jamal ya sani. Duk rumfa an sani."

"To, Alhaji, me ya sa ka bari ta durƙusa? A gabanka aka mare ta."

Ya goge hannu a gefen riga. "Da Lauwali ya kawo min yaro, yaran nan ba za su ji maganana ba. Jini zai zuba, Jamal ya tafi kurkuku. Da na ga yarinya ya kawo, na yi hamdala a zuciya. Shi ya tsare ɗansa, ni na tsare nawa."

"In sun san ba ita ba ce, don me suka tare ta da wuƙa?"

"Fushi sai ya sauka a wani wuri, Madam. Shi aka ba su."

Ya kira yaro ya ce a ƙunsa wa Madam hanta. Ta tashi ta bar ƙunshin a kan benci.

Ranar Lahadi ta shiga mota zuwa Old Fadama. Ta yi ta tambaya a kasuwar doya, cikin caɓi da hayaƙin wayoyin lantarki da masu gwangwan ke ƙonawa, har aka nuna mata rumfar Zelia. Sai ta hango Ruhaina tana tahowa daga wajen manyan motoci, da daro cike da doya a ka, wuyanta na rawa. Ta rame. Da ta sauke sai tari ya sarƙe ta, ta daɗe tana yi.

Gwaggo Zelia, ƙanwar Malam Lauwali, ta amsa gaisuwa a daƙile. Ta ce yayanta ya ce kada yarinyar ta je ko'ina, ita kuma amana aka ba ta. Ta koma gefe, inda za ta riƙa jin su.

Madam ta kama hannun Ruhaina. Tafin ya yi kanta.

"Na je wurin Alhaji Moro. Ya san ba ke ba ce. Jamal ma ya sani, duk rumfar sun sani tun ranar farko. Babu sauran abin da kike ɓoyewa. Ki faɗa kawai, a wanke sunanki, ki zo ki rubuta jarrabawarki. Ni zan zo in ɗauke ki."

Ta zaci yarinyar za ta yi murna. Ruhaina ta zauna a kan buhu a hankali. Duk abin da ya riƙe ta a kwanakin nan shi ne tunanin cewa shirunta ne ke tsakanin yayanta da wuƙa. Da shi take tashi, da shi take ɗaukar daro.

"Har wanda ya yanka min hijabi?" ta tambaya.

"Har shi."

"Baba ya san sun sani?"

Madam ta kawar da kai.

Ruhaina ta dubi doyar da ke gabanta. "To, Madam, in kowa ya sani, wa zan gaya wa?"

Gwaggo Zelia ta ƙwala mata kira, wata mota ta iso. Ta miƙe, ta naɗa gammo, ta ɗauki daronta.

Ranar da aka fara jarrabawa, mai sa ido ya kira sunanta a zauren, ya sake kira, ya ja layi ya wuce na gaba. A Kundin Zango shafin rumfar mahauta na nan yadda ta rubuta shi, da labarin shanun da aka koro daga arewa, ɗalibai na karantawa. Asusunta kuma na nan a rufe, da dalili a rubuce a gefe: ƙazafi.

A Maamobi an zauna lafiya. Ba a zubar da jinin kowa ba, dattawan unguwa har yabon Malam Lauwali suke yi, wai ya iya kashe wuta tun tana ƙarama. Shi ma in an tambaye shi 'yarsa sai ya ce tana wurin gwaggonta, yarinya ce mai biyayya. Ba wanda ya yi ƙarya da yawa. Kowa ɗan shiru ya yi, daidai gwargwadon abin da zai tsare masa nasa, aka tara shirun aka ɗora wa wadda ba ta da mai tsare ta.

Muftahu ya sami aikin okada. Ya sayar da tsohuwar wayar, ya ce ba ta da sa'a, ya sayi sabuwa. Wata safiya ya shigo yana cewa yana son sabon layi, amma sai da katin shaida ake yin rajista. Har ya zaro nasa daga aljihu.

"Mayar da shi," in ji Malam Lauwali. "Kai zuciyarka ba ta da linzami. Kada a sake samun abin da za a bi a iso kanka."

Ya juya wajen murhu, inda matarsa ke tace ƙullu ita kaɗai.

"Tani, ɗauko katinki."

Ta tsaya da rariya a hannu. Ta dubi mijinta, ta dubi ɗanta. Sannan ta goge hannu a zane, ta shiga ɗaki ta ɗauko.